Su suka cika sama da hayaƙi, to mene ne rabonmu a gyaran?

Mai Firji Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni mai gyaran firji da esi ne a nan Kano, shekara 27 ina wannan sana'a, tun ina yaron shago mai riƙe wa maigida tocila. Tambayata ta fi ƙarfin shagona, amma a shagon ta tsiro, don haka ku yi haƙuri in faro daga can.

Da na fara koyo a 1998, gas ɗaya muka fi sani, R12. Shi muke ɗura wa firji, shi muke ɗura wa esin mota. In an kawo aiki sai ka yanke bututu, gas ya huce ya bi iska, ka yi walda, ka ɗura sabo. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan hucin yana ɓata wani abu a sama. Sai daga baya aka tara mu 'yan ƙungiyar masu gyara a wata bita ta kwana uku, aka bayyana mana cewa gas ɗin yana cinye rufin ozon, wanda ke tare mana mugun hasken rana, kuma tun 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Montiriyal ta Kanada kan a daina shi. Abu biyu suka zauna mini a rai daga bitar nan. Ba rana ɗaya aka yanka wa kowa ba: ƙasashen Turawa sun daina a 1996, mu kuwa aka ɗaga mana ƙafa har farkon 2010. Sannan kuɗin bitar, da na injin zuƙe gas da aka ba mu muna karɓa-karɓa, daga wani asusu suka fito wanda ƙasashe masu manyan masana'antu ke zuba wa kuɗi. Injin nan da hannuna na riƙe shi, ba labari aka ba ni ba.

Muka koma R134a. Aka zo aka ce shi ba ruwansa da ozon amma yana ɗumama duniya, kilo ɗaya nasa ya kai kilo 1,400 na hayaƙin kabon. Aka sake zama a Kigali a 2016, aka sake yin irin wancan rabo: su su fara ragewa a 2019, mu mu tsayar da ƙari a 2024, sannan mu fara sauka daga 2029. Yanzu yawancin sababbin firji R600a ne a ciki, mai kama wuta, shi ya sa na hana yarana ƙyasta ashana kusa da aiki. Wato ni a sanina ga yadda ake raba kaya tsakanin babba da ƙarami: babba ya shiga gaba, a sa rana, a kawo kayan aiki.

To a watan Nuwamba na 2025 ina sauraron rahoton taron sauyin yanayi da aka yi a Belem ta Brazil, sai na ji abin ya sha bamban. An ce kowace ƙasa, har Najeriya da Nijar, ta rubuta alƙawarin rage hayaƙi. An ce Amurka ta sake juya wa yarjejeniyar Faris ta rage hayaƙi baya, ba ta ma turo manyan wakilai ba. Ɗana da ke jami'a ya duba mini, ya ce Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 na kabon a shekara, ɗan Najeriya kuwa wajen rabin tan. Na daɗe ban ce komai ba. A gidana in an kawo wuta awa biyar a yini mun gode Allah. Kawuna da ke noman shinkafa a wajen Haɗeja, a daminar 2022 ruwa ya shanye masa gona kaf, ko buhu ɗaya bai ɗauka ba, kuma tsohon nan keke kaɗai ya mallaka.

Don Allah masu ilmin abin ku warware mini. A rubuce, wa aka ɗora wa me? Akwai inda aka ce wanda ya fi ɓarna shi zai fi ɗaukar kaya, ko kuwa zancen baki ne? Me ya hana a yi wa hayaƙin fetur da kwal irin tsarin da aka yi wa gas ɗin firji, tunda shi da idona na ga ya yi aiki? Kuma in an ce mu rage, me za mu rage, janareton da nake gwada firjin mutane da shi?

Malamin Labarin Ƙasa, Zariya:

Wa alaikumus salam Malam Mai Firji, Allah Ya ƙara wa sana'a albarka. Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma misalinka ya fi wanda nake ba ɗalibaina, da izininka zan ara.

A rubuce yake, ba zancen baki ba ne. A taron Riyo ta Brazil na 1992 aka ƙulla uwar yarjejeniyar sauyin yanayi. A gabatarwarta an amsa cewa mafi yawan hayaƙin da ya taru a sama daga ƙasashen da suka ci gaba ya fito, a sashe na 3 kuma aka ce alhakin na kowa ne amma nauyin ya bambanta gwargwadon hali da ƙarfi, don haka su ne za su ja gaba. Har sunaye aka jera. Jeri na ɗaya ya ƙunshi Yammacin Turai da Amurka da Kanada da Japan da Ostireliya, da Rasha da ƙasashen Gabashin Turai, su ne masu ragewa. Daga cikinsu aka ware masu kuɗi a jeri na biyu, ban da Rasha da maƙwabtanta, su ne masu biya. Duk wanda sunansa bai fito ba, daga Sin da Indiya har Nijar, ba a yanka masa adadi ba.

A Kiyoto ta Japan a 1997 aka sa lamba. 'Yan jeri na ɗaya za su sauko da hayaƙinsu da wajen kashi 5 cikin ɗari ƙasa da na 1990, tsakanin 2008 da 2012. Tarayyar Turai kashi 8, Amurka 7, Japan da Kanada 6. Ka ga har zuwa nan tsarin firjinka ake bi.

Ga inda aka rabu. Wata biyar kafin Kiyoto, Majalisar Dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a, 95 babu ko ɗaya da ya saɓa, cewa ba za ta amince da yarjejeniyar da ba ta ɗaure ƙasashe masu tasowa ba. Gwamnatin Clinton ta sa hannu amma ba ta kai takardar majalisa ba, Bush kuma ya yi fatali da ita a 2001. Wato ƙasar da ta fi kowa hayaƙi a lokacin ba ta taɓa shiga ba. Kanada ta shiga, hayaƙinta ya ƙaru maimakon ya ragu, sai ta sanar da ficewa a ƙarshen 2011, babu abin da ya same ta. Turai dai ta cika nata, a ba ta haƙƙinta. Da aka zo zango na biyu, 2013 zuwa 2020, Japan da Rasha suka ce ba da su ba. Ana buƙatar ƙasa 144 su amince kafin zangon ya zama doka, kuma Najeriya ce ta cike ta 144 a watan Oktoba na 2020. Sai ya fara aiki ranar 31 ga Disamba, ranar da wa'adinsa ya ƙare.

Taron Kofanhegan na 2009 ya watse da tsiya. Jagoran tattaunawar ƙasashe masu tasowa a lokacin, Lumumba Di-Aping ɗan Sudan, ya fito fili ya ce abin da ake son Afirka ta sa wa hannu halaka kanta ne. Daga nan aka sauya salo, aka haifi yarjejeniyar Faris a 2015. Babu sauran jerin adadi daga sama. Kowace ƙasa ita ke rubuta abin da za ta iya, ta sabunta duk shekara biyar, sabon ya fi na baya. Miƙa takardar wajibi ne, cika abin da ke cikinta kuwa ba a sa masa hukunci ba. A ranar ƙarshe ma sai da aka tsayar da taro saboda kalma ɗaya a sashe na 4. Rubutun ya fito da cewa wajibi ne ƙasashe masu arziki su ci gaba da jan gaba, tawagar Amurka ƙarƙashin John Kerry ta ce ba za ta iya ɗauka ba, aka ce kuskuren bugu ne, aka mayar da shi "ya kamata". Kai da ka zauna gaban malamai ka san tazarar farilla da mustahabbi.

A wajen kuɗi kalmar wajibi ta tsira, sai dai ba a rubuta nawa ba, ba a kuma raba wa kowa kasonsa ba. An yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a kai ba sai 2022 bisa lissafin ƙungiyar OECD ta su masu bayarwar, kuma wajen kashi 70 na kuɗin da gwamnatoci suka bayar bashi ne. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi fiye da tiriliyan ɗaya, aka ce biliyan 300 zuwa 2035. Indiya ta ƙi yarda, wakiliyar Najeriya Nkiruka Maduekwe ta ce wasa ake yi da mutane. Irin asarar kawunka kuwa, sai a 2022 a Masar aka yarda a buɗe mata asusu, bayan ambaliyar Pakistan. Da aka buɗe shi a Dubai a 2023 alƙawuran farko wajen dala miliyan 700 ne, Amurka ta ce miliyan 17.5. Kuma tun a Faris an rubuta cewa wannan babi ba ya nufin ɗaukar laifi ko biyan diyya.

Me ya sa na firji ya yi aiki? Kamfanonin da ke yin gas ɗin ba su da yawa, kuma su ne dai masu sayar da madadinsa, ba su yi asara ba. An hana cinikinsa da duk ƙasar da ba ta shiga ba, don haka zama a waje ya fi tsada. Asusun nan da ya saya muku inji, an san kason kowace ƙasa mai biya, kuma kwamitinsa mutum 14 ne, bakwai nasu bakwai namu. Duk abin da aka zuba masa a shekara talatin da ɗoriya dala biliyan huɗu ne da wani abu. Fetur da kwal da siminti kuwa su ne wuta da mota da taki da gini, gaba ɗayan tattalin arziki ke nan. Har Majalisar Dattawan Amurka da ta rufe wa Kiyoto ƙofa ta amince da gyaran Kigali a 2022.

Mai Firji Fagge:

Malam, Allah Ya saka da alheri, na karanta sau biyu. Maganar bashin nan ce ta tsaya mini a wuya. Mutum ya yi sanadin ƙonewar rumbunka, sannan ya ranta maka kuɗin gina sabo har da ruwa a kai, kuma a rubuta cewa ya taimake ka? Injin da aka ba mu ba a ce mu biya ba. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sun ci ribar kwal da fetur shekara sama da ɗari da hamsin, askin ne ba sa so.

Injiniya Ɗan Birni, Fatakwal:

Maigida Mai Firji, ina tare da kai a kan bashi, amma ka ba ni dama in saɓa wa Malam a wani wuri, don ya faɗi rabin labari ne.

Jerin nan na 1992 har yau ba a yi masa gyaran kirki ba, duniya kuwa ta sauya. Sin ta wuce Amurka a hayaƙin shekara tun wajen 2006, yau kusan kashi ɗaya cikin uku na kabon ɗin duniya daga can yake fitowa, ya fi na Amurka da Tarayyar Turai a haɗe. Ko a lissafin kowane mutum, Basine ya wuce Bature ɗan Tarayyar Turai. Mutumin Ƙatar yana fitar da sama da tan 30. Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Koriya ta Kudu, Singafo, duk a takarda "masu tasowa" ne, layi ɗaya da Nijar da Chadi. Wane adalci ne wannan? In Amurka da Turai suka kashe komai nasu gobe, fiye da kashi biyu cikin uku na hayaƙin yana nan, domin daga ɓangarenmu yake tashi yanzu. Ruwan da ya ci gonar kawunka bai tambayi daga wace ƙasa kabon ɗin ya fito ba. Ban ce Sin ba ta yin komai ba. Ita ke ƙera mafi yawan farantan sola na duniya, shi ya sa suka yi arha har a kasuwar Sabon Gari, kuma a 2025 ta yi alƙawarin rage kashi 7 zuwa 10 daga ƙololuwar hayaƙinta zuwa 2035. Amma bayar da kuɗi a wurinta ganin dama ne, haka aka rubuta a Faris. Mu ƙanana muna tsayawa a bayan waɗannan manyan a taro, su sha inuwa da sunanmu.

Sannan laifi tudu ne. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a yankin Neja Delta. Akwai ƙauyukan da dare ba ya yin duhu saboda wutar gas da ake ƙonawa a bakin rijiyoyin mai. Tun 1984 doka ta ce a daina, ana ta ɗaga ranar, har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi kowa ƙona gas a banza. Wannan gas ɗin shi ne wutar da ba ka samu a Fagge. Ba Bature ne ya hana mu kama shi ba.

A nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. Alƙawarin da Najeriya ta miƙa a 2021 cewa ya yi za ta rage kashi 20 da ƙarfinta, kashi 47 in an tallafa mata, zuwa 2030. A wancan alƙawarin na 2021, ba daga hayaƙin lokacin ake cirewa ba, daga wanda ake hasashen za mu kai ne in aka bar komai yadda yake. Wato an bar mana filin girma. Inda ragin zai fito shi ne daina ƙona gas, toshe yoyon bututu, girki da gas maimakon itace da gawayi, sola, da motocin haya masu amfani da gas. Janaretonka ba hana shi za a yi ba, wuta ce za ta wadata ka ajiye shi da kanka.

Inda raina ke ɓaci da Turawa shi ne batun gas. A Gilasgo a 2021 da yawansu suka yi alƙawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas na ƙasashen waje, Osinbajo, mataimakin shugaban Najeriya a lokacin, ya yi ta rubutu yana cewa hakan zai danne Afirka. Ba a yi wata huɗu ba yaƙin Yukiren ya ɓarke, sai ga su suna zagaya Afirka neman gas, Jamus ta sake kunna tashoshin kwal, ta gina tashar sauke gas a bakin teku cikin ƙasa da shekara. Mu kuwa bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, tun 2020 ake fama.

Uwar Ɗaki, Maraɗi:

Sallama gare ku duka. Ina aiki da ƙungiyoyin mata manoma a jihar Maraɗi, kuma tun jiya nake bin zancen nan.

Injiniya, ka ce ruwa ba ya tambayar daga ina kabon ya fito. Gaskiya ne, amma kabon ba ya gushewa a shekara ɗaya, taruwa yake yi yana ɗaruruwan shekaru. In aka tara duk na mai da kwal tun farkon masana'antu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Amurka ne ita kaɗai, Afirka gaba ɗaya wajen kashi 3. Ɗan Nijar yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara, abin da Ba'amurke ke fitarwa a kwana uku. A cikin mutum biyar a ƙasarmu, da ƙyar ɗaya ke da wutar lantarki. Na yarda a sake duba jerin, Ƙatar ba sa'ar Nijar ba ce. Tsorona shi ne duk lokacin da aka tayar da zancen Sin, masu tsohon bashi sai su samu hanyar jinkirta nasu. Su fara biya tukuna, sannan a yi zancen ƙara masu biya.

Abin da ya kawo ni dai shi ne wannan. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma abin da muke kira sassaben zamani. In ka zo share gona ba ka tumɓuke kututture, sai ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka sassabe sauran, ka kare su daga dabbobi. Gawo, kalgo, sabara, aduwa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Ba don wata yarjejeniya mutane suka yi ba, sun ga gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo ne, mata kuma sun huta da tafiyar neman itace. Amma itatuwan nan kabon suke zuƙa dare da rana.

A ƙarƙashin Kiyoto an buɗe kasuwa, inda kamfanin Turai zai biya a rage hayaƙi a ƙasa mai tasowa, a rubuta masa ladan. Sin da Indiya da Brazil suka kwashe mafi yawan ayyukan, Afirka duka ba ta wuce kashi 3 ba, domin kafin a yi maka rajista sai ka ɗauko ƙwararru masu tsada sun auna sun rubuta. Farashin tan ɗaya ya kai wajen yuro 20 a 2008, zuwa ƙarshen 2012 ya faɗo ƙasa da yuro ɗaya. Shekarun baya wasu mutane sun zo ƙauyen da nake aiki, suka ƙirga itatuwa, suka ɗauki sunayen mata, suka ce kuɗin kabon na tafe. Har yau matan nan suna tambayata, ni ce nake jin kunyar haɗa ido da su.

Mu ba ragin hayaƙi ne damuwarmu ba, ba mu da shi. Damuwarmu yadda za mu rayu da abin da ya riga ya same mu. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Irin gero mai saurin nuna muke so, da magudanan ruwa, da rumbun tsimi, da sanarwar ruwan sama da za ta iso wayar manomi da Hausa. Wannan ɓangaren shi ke samun ƙaramin kaso a kuɗin da ake ta faɗa, domin magudanar ruwa ba ta kawo riba balle a biya bashi da ita.

Malamin Labarin Ƙasa, Zariya:

Hajiya da Injiniya, akwai abin da ya shafi gardamarku. A watan Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Heg ta ba da fatawa kan buƙatar da ƙaramar ƙasar tsibiri Banuwatu ta jagoranta. Alƙalan sun ce kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, har a kan wadda ba ta cikin yarjejeniyar Faris, kuma ƙasar da ta saɓa ana iya bin ta diyya in an tabbatar da alaƙar laifin da cutarwar. Wannan naki ne, Hajiya. Sun kuma ce matsayin ƙasa, mai tasowa ce ko wadda ta ci gaba, ba abu ne da ya daskare ba, ana duba halin da take ciki yanzu. Wannan kuma naka ne, Injiniya. Fatawa ce, ba ta tilasta wa kowa, amma lauyoyi sun samu abin riƙewa.

Mai Firji Fagge:

Na gode muku ƙwarai. Injiniya, maganarka ta laifi tudu ta taɓa ni, domin mu ma a sana'armu akwai namu. Injin zuƙe gas ɗin nan ya lalace tuntuni, ba a samu kayan gyaransa ba, kuma yau a layinmu kusan kowa ya koma sakin gas a iska kamar zamanin R12. Esi guda mai R410A in ya huce, kilo ɗaya ya haura tan biyu na kabon, wato hayaƙin ɗan Najeriya huɗu na shekara. Wannan lissafin da daren jiya na yi shi da ɗana. Ranar Asabar muna da taron ƙungiya, zan kawo maganar mu yi karo-karo mu sayi injin ko da guda biyu ne.

Amma ku sani, tsofaffin esi masu R22 da Turai ta daina amfani da su, su ne ake lodowa a kwantena ana kawo mana a matsayin tokumbo, su sha wuta su yi yoyo. Gana ta hana shigo da firjin gwanjo tun 2013. Wanda ya turo mana kayan ya rubuta a littafinsa cewa ya rage, mu kuma a rubuta mana ƙari. Don haka har yanzu ina kan bakana a kan abu uku da na gani sun yi aiki: babba ya fara, a sa rana, kuɗin ya zo a matsayin kayan aiki a hannun mai aiki, ba bashi ba. In an sa Sin da Ƙatar cikin manyan, ban ƙi ba.

Hajiya, wannan sassaben zamani, yana yi a ƙasar da ruwa ke kwanciya irin ta Haɗeja, ko sai jigawa? Kawuna yana da wata gonar tudu da yake shuka gero, akwai kututturan kalgo da sabara da yake sarewa duk shekara. Ranar Juma'a zan je duba shi, ina so in san tsiro nawa zai bari a kowane kututture, kuma a wane wata ake fara sassaben.